Minti ashirin bayan kiran asuba

Mu Kiristoci ne, a Mabera muke zaune, a cikin Sakkwato, kuma masallacin unguwa bai fi taku kaɗan daga ƙofar gidanmu ba. Shekarun baya kiran sallar asuba tashe ni kawai yake yi, in juya in koma barci. Baban yara ne ya ce wata rana, "Maman Auta, mutanen nan kullum suna tashi domin Allah, mu da muke cewa ni da gidana za mu bauta wa Ubangiji muna kwance?" Daga nan muka mai da ladanin unguwa agogonmu. Da ya kira, sai mu taru a tsakar gida. In lokacin zafi ne, wajen Afrilu da Mayu, dama can a waje muke kwana, sai dai a naɗe tabarma ɗaya a zauna a kan ɗaya.

Ba ma wuce minti ashirin. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu kaɗan, addu'a. Wanda ya ja addu'ar safe ta kai awa guda da yara 'yan firamare, gyangyaɗi zai girba. Kuma da Hausa muke karantawa, duk da yaran sun fi son na Turanci saboda makaranta. Dalilina shi ne, da Hausa abokan wasansu suke yi musu tambaya, me ya sa kuke cewa Allah yana da Ɗa, me ya sa ba ku yin azumi tare da mu. Yaron da bai taɓa jin amsar da harshen da aka tambaye shi ba, ko dai ya yi shiru da kunya, ko ya yi rashin kunya. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, to me zai sa mu bar shi a kan kanta yana shan ƙurar hunturu?

Karatun ma zagayawa yake yi. Har autan, da yake haɗa baƙi da kyar, yana da ranarsa, mu kuwa mu yi haƙuri ya gama ayarsa.

Abin da ban zata ba shi ne yadda zaman nan ya hana mu ɓoye faɗa. In ni da maigida mun kwana ba ma magana, da asuba sai mun zauna tabarma ɗaya, yara suna kallo, wani kuma ya yi addu'a da baki. Ba ya yiwuwa. Dole a sasanta tun da dare. A taron Zumuntar Mata a ikilisiyarmu ta ECWA nakan faɗa wa amare wannan, su yi ta dariya, amma gaskiya ce.

Gwaji mai nauyi ya zo a Mayun 2022, bayan kisan Deborah Samuel, ɗaliba Kirista da aka zarga da ɓatanci ga Annabi, wanda ya girgiza garin. Gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, ranar Lahadi ba mu je sujada ba. A falo muka yi, ƙofa a kulle. Babbar 'yarmu ta ce, "Baba, ni yau ba zan yi wa kowa addu'a ba sai namu." Baban bai yi mata tsawa ba. Ya buɗe Matiyu sura 5, inda Yesu ya ce a yi addu'a domin masu tsananta mana, ya miƙa mata ta karanta da kanta. Tana kuka ta karanta. Sannan ya tuna mata Hajiya ta gidan kusa, wadda take aiko mana da kunu da ƙosai duk azumi, wadda kuma a daren nan ta aiko ɗanta ya tambaya ko muna lafiya.

Tun lokacin muka kafa doka a gidan: ba a yi wa maƙwabta jam'u a zage su a bakin abinci, ko da baƙo ne daga coci ya fara. Wasu 'yan'uwa suna ganin tsoro ne ya sa mu haka. Ni dai na ga yaran da suka tashi suna jin iyayensu na rera waƙar ƙauna da safe, suna tsine wa unguwa da yamma, kuma na san wanne daga ciki suka ɗauka. Ran Kirsimeti har yanzu 'yar nan tawa ce take ɗaukar kular shinkafa da kaza ta kai gidan Hajiya, kazar kuma Malam na bakin masallaci muke kai wa ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance.