Kwana 51 da muka yi a Baltimore muna jiran cinikin Lamar Jackson ya faɗa

Ƙanena da ke Kano ɗan gani-kashe-nin Arsenal ne, kuma da zarar an buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai ba ya barin wayata ta huta. Amma ranar Alhamis 27 ga Afrilun 2023 ni na kira shi. A nan Baltimore la'asar ce, a wajensu an idar da isha'i. Na ce masa cinikin Lamar Jackson ya faɗa, dala miliyan 260 na shekara biyar. Ya ce, "Yaya, wace ƙungiya ce ta saye shi?" Na ce babu wadda ta saye shi, yana nan inda yake. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To kuɗin wa za a ba?" Mun kai kusan awa ɗaya a waya ranar, domin kasuwar ƙwallon ƙafar Amurka, wannan da ake yi da hannu mai kama da zari-ruga, ba ta tafiya yadda muka saba gani a Ingila ko Sifaniya.

Ni ma ba da son wasan na zo ƙasar nan ba. A ma'ajiyar kaya da nake aiki kusa da tashar jiragen ruwa na koye shi, a wajen wani dattijo baƙar fata haifaffen garin, wanda muke cin abincin rana tare. Duk ranar Juma'a a lokacin kakar wasa rigar Ravens, ƙungiyar garin, mai launin shunayya yake sakawa, kamar rabin mutanen garin. Shi ya ba ni labarin watan Maris na 1984, lokacin da tsohuwar ƙungiyar garin, Colts, ta loda kayanta a manyan motoci cikin dare ta koma Indiyanafolis. Shekara goma sha biyu garin ya yi babu ƙungiya a gasar NFL, sai a 1996 aka samu Ravens. Har yau idan yana wannan labari muryarsa takan canza. Sai da na san wannan na gane dalilin da ya sa maganar tafiyar Lamar ta tayar wa mutanen nan hankali haka.

Lamar shi ne kwatabak na Ravens, wato madugun da kowace ƙwallo ke fara bi ta hannunsa, ya jefa ko ya miƙa ko ya ruga da ita da kansa. Ɗan jihar Fulorida ne, mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta rene shi. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018 sai da aka ɗauki mutum 31 kafin a kira sunansa, shi ne na ƙarshe a zagayen farko, har wasu masana na cewa gara ya bar matsayin kwatabak ya koma mai cafe ƙwallo. A kakar 2019 aka zaɓe shi gwarzon gasar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta tafi wajen wani ba. Kuma ba shi da ejan. Shi da mahaifiyarsa suke zama su yi cinikinsu. Ejan a NFL yana iya karɓar la'ada har kashi 3 cikin ɗari, kuma kashi 3 na miliyan 260 ya kai miliyan 7.8.

Abin da na fi shan wahalar fahimtar da ƙanena shi ne, adadin da ake shelantawa a labarai ba shi ne kuɗin da ɗan wasa zai karɓa ba. A ƙwallon Turai idan ka sa hannu shekara biyar, ko a benci ka ƙare za a biya ka. A NFL ƙungiya tana iya sallamar ɗan wasa a shekara ta biyu ko ta uku, sauran kuɗin da ke takarda kuma ya bi ruwa. Abin da ke hannunka shi ne abin da aka yi maka garanti a rubuce, da kuma kafin alƙalami da ake ba ka lokacin sa hannu. Saboda haka masu bin wasan nan idan suka ji an ce miliyan ɗari, tambayarsu ta farko ita ce nawa ne garanti a ciki.

Wannan abu na san shi a jikina tun kafin in san Lamar. Aikina na farko a ƙasar nan ta hannun wani kamfani na same shi, takardar ta ce shekara ɗaya, aka rubuta jimillar albashin baro-baro a shafin farko. Da wannan adadi na yi lissafin haya, na yi wa gida alƙawarin abin da zan riƙa aikawa. A wata na huɗu aka ce aiki ya ja baya, aka nuna mini wani layi a can cikin takardar da ya ba su damar sallamata da sanarwar mako biyu. Na sa hannu a kai ban karanta shi da kyau ba. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ban haɗa kaina da mai karɓar miliyoyi ba, amma duk lokacin da na ji ana zagin ɗan wasa wai ya cika haɗama don ya nace a kan garanti, wannan layin nake tunawa.

Tushen rigimar Lamar yana Kilibland. A watan Maris na 2022 ƙungiyar Browns ta wannan gari ta ba kwatabak Deshaun Watson dala miliyan 230 na shekara biyar, kuma duka garanti ne, ko sisi ba a bari a baya ba. Ba a taɓa yin irin wannan da kuɗi mai yawa haka ba. Ga shi kuma a lokacin mata fiye da ashirin sun shigar da shi ƙara kan zargin cin zarafi, har daga baya gasar ta dakatar da shi wasa 11. Lamar ya duba ya ga shi ya taɓa zama gwarzon gasa, Watson bai taɓa ba, shi kuma babu wata ƙara a kansa. Me zai hana shi neman kwatankwacin haka? Mai ƙungiyar Ravens, Steve Bisciotti, ya fito fili ya nuna bai ji daɗin kwantiragin Watson ba. Akwai kuma dalili na aljihu: dokar gasar ta tilasta wa mai ƙungiya ya zuba mafi yawan kuɗin da ya yi garanti a wani asusun amana tun da wuri. Attajiri ba ya son ya ga miliyan ɗari biyu tasa a kwance ba ta juyawa.

Aka yi ta ja-in-ja har kakar 2022 ta shigo ba a daidaita ba. Rahotanni sun ce an yi masa tayin da ke ɗauke da garantin miliyan 133 a take, ya ƙi. Ya buga kakar a kan miliyan 23 na shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa na farko. A watan Disamba ya ji rauni a gwiwa, bai sake buga wasa ba, har aka fitar da Ravens a Sinsinati a watan Janairu ba ya fili. A wajen aiki mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce da gangan ya ƙi dawowa. Dattijon nan abokina ya ce duk wanda ba a yi masa garantin gobe ba, ba shi da dalilin shiga fili da gwiwa ɗaya. Ni ina bayansa a kan wannan har yau.

Ranar 7 ga Maris 2023 Ravens suka ɗaure shi a turke. Akwai wata doka da ta ba kowace ƙungiya damar riƙe ɗan wasa ɗaya da kwantiraginsa ya ƙare, na tsawon shekara ɗaya, a kan farashin da aka ƙayyade wa matsayinsa. Nasa ya kama miliyan 32.4. Amma irin turken da suka zaɓa mai sassauci ne: kowace ƙungiya tana iya zuwa ta yi masa tayi, idan ya amince, Ravens su biya daidai da tayin su riƙe shi, ko su sake shi a ba su zaɓi biyu na zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ma'ana dai sun kai shi kasuwa ne su ji nawa za a taya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Mutum mai shekara 26, tsohon gwarzon gasa, a matsayin da kowace ƙungiya ke nema ido rufe. Cikin sa'o'i kaɗan sai rahotanni suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya cewa Atlanta ba ta so, Karolaina ba ta so, Miyami da Washinton su ma haka. Wasu daga cikinsu ba su da kwatabak na kirki a lokacin. Har aka gama babu ƙungiya ko ɗaya da ta miƙa masa takardar tayi. Wanda ya taɓa kai dabba kara ya ga dillalai sun haɗa baki sun ƙi tayawa ya san yadda wannan shiru yake.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Kwana huɗu bayan haka, ranar Litinin, ina hutun rana ba abin da zan ci, sai na buɗe waya na ga Lamar ya rubuta a Twitter cewa tun 2 ga Maris ya nemi a sauya masa ƙungiya, domin Ravens ba su nuna niyyar biyan darajarsa ba. Ya saki saƙon ne daidai lokacin da kocinsa na wancan lokaci, John Harbaugh, ke shirin zama da 'yan jarida a taron masu ƙungiyoyi a Arizona. Dattijon ya ajiye abincinsa bai ƙarasa ba. Ya ce watan Maris bai taɓa yi wa garin nan daɗi ba. Sauran azumin nan kusan kullum bayan na sha ruwa sai na duba ko akwai labari. Da aka ɗauko Odell Beckham a farkon Afrilu, mai cafe ƙwallo da Lamar ke so, muka ce wataƙila zawarci ne ake yi masa.

Abin da ya warware ƙullin daga Filadelfiya ya zo. Ranar 17 ga Afrilu ƙungiyar Eagles ta ba kwatabak ɗinta Jalen Hurts miliyan 255 na shekara biyar, da garantin miliyan 179 da 'yan kai. Hurts bai daɗe da kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na Super Bowl ba, kuma bai samu irin na Watson ba. Kasuwa ta nuna farashi. Muka yi Sallah ranar Juma'a 21 ga wata, kwana shida bayan nan, ana saura sa'o'i a fara zaɓen sababbin 'yan wasa a birnin Kansas, aka ce an daidaita, kwana 51 bayan ɗaure shi a turke. Miliyan 260, wato 52 a shekara, mafi tsada a tarihin gasar a wannan rana. Garanti miliyan 185, wanda 135 daga ciki ya tabbata tun ranar sa hannu. Kafin alƙalami miliyan 72.5. Ya kuma sa aka rubuta cewa ba za a sauya masa ƙungiya ba sai da yardarsa, ba kuma za a sake ɗaure shi a turke ba idan kwantiragin ya ƙare.

Bai samu cikakken garantin da ake cewa yana nema ba, wannan gaskiya ce, kuma wasu sun ce tsakanin 133 da 135 bai kai a yi wata bakwai ana rigima ba. Ni sharuɗɗan nan biyu na ƙarshe nake kallo. Mutumin da aka kai kasuwa aka ƙi tayawa ya fito da takardar da ta hana a sake yi masa haka, kuma da bakinsa ya yi cinikin.

Kambun mafi tsada bai daɗe a kansa ba, wasu kwatabak suka wuce shi. A watan Yuli Justin Herbert ya samu miliyan 262.5, a Satumba Joe Burrow ya samu 275, shekara guda bayan nan Dak Prescott ya kai miliyan 60 a shekara. Haka abin yake tafiya, domin iyakar albashin da aka yanka wa kowace ƙungiya tana tashi ne tare da kuɗin talabijin: miliyan 224.8 a 2023, 255.4 a 2024, 279.2 a 2025. Shi kuwa Lamar a kakar farko bayan sa hannu ya sake zama gwarzon gasar, Ravens suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Kansas ta doke mu 17 da 10 a gidanmu a Janairun 2024. Wannan ciwon daban ne.

Sai a tsakiyar 2025 aka bankaɗo hukuncin wani mai sasanci kan ƙarar da ƙungiyar 'yan wasa ta shigar tun 2022, tana zargin masu ƙungiyoyi da haɗa baki kan batun garanti. Bai ba 'yan wasan nasara ba, ya ce ba a kawo isasshiyar hujja cewa ƙungiyoyin sun ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu ba. Amma ya tabbatar cewa shugabannin gasar sun ja hankalin masu ƙungiyoyi su rage garantin da suke bayarwa, a taron da aka yi jim kaɗan bayan kwantiragin Watson. Na karanta wa dattijon labarin daga wayata a wajen cin abinci. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in tura masa, yana da surukin da suka yi shekara biyu suna musu a kan wannan magana.