Aikin da ba a sanarwa a kan bagade

Idan kana son sanin halin da ikkilisiyarmu ke ciki, kada ka tsaya wurin fasto. Ba raina shi nake yi ba, mutumin kirki ne, amma fasto canja masa wuri ake yi, yau yana nan gobe yana can. Wanda ya kwana da zazzaɓi, gidan da ba a ɗora tukunya ba, yaron da aka koro saboda kuɗin makaranta, duk 'yan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, za ka tambaya.

Ni ɗan Ekklesiyar 'Yan'uwa ne, EYN. Tun muna makarantar Lahadi ake koya mana cewa a Garkida aka fara, ranar 17 ga Maris 1923, lokacin da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada a gindin tsamiya. Mun haddace sunayensu, kuma sun cancanta. Sai dai abin da ya riƙe ikkilisiya daga ranar zuwa yau, yawancinsa hannun mata ne irin mahaifiyata, wadda ta daɗe tana ma'ajin Zumunta ba tare da ta taɓa tsayawa a kan bagade ba.

Da kaka kowace mace takan kawo mudun dawa ko masara, a zuba a buhu a ajiye. Babu mai tambayar na wane ne. Ranar da aka yi rasuwa, kafin maza su gama shawarar inda za a haƙa kabari, wata ta iso da itace a ka, wata ta ɗebo ruwa, an buɗe buhun, kunu ya hau wuta. Su za su kwana da matar mamacin a tabarma ɗaya, suna waƙa da tulu a hankali har gari ya waye. Bayan baƙi sun watse, su ne masu komawa su ce, "Mama, yaya haƙuri?" Babura, Margi, Kilba da Kamwe duk a zaune, Hausa ce ta haɗa bakinsu.

Maza ma akwai nasu. Akwai dattijon da ke buga ƙararrawar addu'ar asuba, akwai samarin da ke fita gayya a gonar majami'a. Amma na bar wannan sai wani lokaci.

A 2014 ne aka ga ƙarfin abin. A watan Afrilu aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu ne. A watan Oktoba Boko Haram suka kama hedkwatarmu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Jama'a suka watse, wasu Yola, wasu Jos, wasu har Kamaru. Majami'u sun ƙone, amma duk inda mata biyar suka haɗu sai ka ji sun zaɓi shugaba da ma'aji. Ƙanwar babata a Yola ta cika ɗakinta da falonta da mutanen da ba ta taɓa gani ba, har da Musulmi maƙwabtan danginmu da suka gudo tare. Ba ta jira izinin majalisar dattawa ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne anko. Kowane taro da nasa sabon zani, ga kuɗin mota, ga gudummawa iri-iri. Na san matan da suka daina zuwa saboda kunyar shiga da tsohon zani, kuma su ne ainihin waɗanda aka kafa Zumuntar dominsu. Amare ma sun fara ja da baya, suna cewa abin na masu hali ne. Na faɗa wa mahaifiyata haka, ta ce in bari, maganar mata ce. Amma na ji ta kai batun gaban kwamitinsu, cewa a bar zani ɗaya ya yi shekara uku kafin a fitar da wani. Har yanzu suna ta muhawara.