Daga Unguwa Uku Zuwa Lokoja: Gardama a Cikin Sharon

Ɗaurin auren 'yar wani abokina ne ya kai ni Lokoja a watan Nuwamban 2024. Tare muka yi bautar ƙasa da shi muna samari, Banufe ne haifaffen garin, kuma gayyatarsa ba irin wadda ake aika wa da uzuri ba ce. Na yi sammako zuwa tashar Unguwa Uku a Kano, na tarar da Sharon mai zuwa Lokoja da Okene saura mutum biyu ta cika. Da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin mota sai da na ce ya maimaita. Ya ce, "Alhaji, litar mai ta haye dubu, mu ma ba a son ranmu ba." Ban ja da shi ba. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar ba ta kai naira 200 ba, lissafin kuwa ko yaro ya iya shi.

A kujerar gaba akwai wani dattijo tsohon soja, direba yana ce masa Baba Saja, zai sauka a Zuba don ya je tantancewar fansho. A tsakiya ni ne, da wata Hajiya mai fataucin manja wadda jarkokinta suka cinye rabin but, da wani ɗalibin jami'ar tarayya da ke Lokoja. A baya akwai wani mutumin Maraɗi mai sayar da albasa a Okene, da wasu samari biyu da suka kama barci tun kafin mu fita gari.

Titin Kano zuwa Zariya ya gyaru, mota na ta sulala, sai bakuna suka buɗe. Hajiya ce ta fara, tun kafin Kwanar Ɗangora. Maganar ƙudirin dokar haraji ce a bakin kowa a lokacin, domin a ƙarshen Oktoba gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun ce ba su amince da yadda za a riƙa raba kuɗin VAT, wato harajin sayen kaya, ba. A wurin Hajiya magana ta ƙare: Legas za ta kwashe, a bar mu da hamma. Ɗalibi ya ce a'a, ai ana cewa za a duba inda aka sha kayan ne, ba inda hedikwatar kamfani take ba, Kano ma tana iya cin riba. Babu ko mutum ɗaya a motar da ya karanta ƙudirin, amma hakan bai rage wa kowa ƙarfin murya ba. Direba ne ya rufe babin. Ya ce, "Ni dai a raba ko kada a raba, tunda nake ban taɓa ganin kasona ba."

Bayan mun wuce Zariya maganar ta koma kan yaran nan da aka gurfanar a kotu a Abuja ranar 1 ga watan, waɗanda aka kama tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta, har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An sake su bayan ƙasa ta ɗauki ɗumi, amma hotunan ba su bar wayoyin mutane ba. Baba Saja ya ce tsare yara ƙanana wata da watanni zalunci ne, ko a barikin soja ba a yarda da haka ba. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya dafa kan kujera, ya ce amma wanda ya ɗinka musu tutar Rasha ya sa a hannunsu, shi bai yafe masa ba. Yana cikin dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990, kuma da hannunsa ya lulluɓe abokan aikinsa da kore-fari-kore aka sa su a jirgi. Muryarsa ta ɗan yi rawa a nan, ya gyara hularsa, ya koma ya fuskanci titi.

Ɗalibin bai ƙyale ba, ko da yake ya sassauta murya. Ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma tuta ba ta shiga tukunya." Ya ƙara da cewa shi kansa mutumin da ya zana tutar a 1959, Taiwo Akinkunmi, ya rasu a Agustan 2023, gawarsa ta shekara guda ba a binne ba, iyalansa na jiran jana'izar girmamawa da aka yi musu alkawari. In mai tutar ya ga haka, ina ga ɗan Kurna ko Rijiyar Lemo da bai karya ba? Baba Saja bai ba shi amsa ba. Ni dai na san ambulan ɗin takardun fansho da ke kan cinyarsa ya ishe shi amsa. Direba ya so ya sanyaya wurin, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai taken ƙasa ne, da aka sauya a watan Mayu aka dawo da na 1960: bai gama haddace na jiya ba an kawo na shekaranjiya. Aka yi dariya. Baba Saja kuwa ya rera baitin farko tsaf, tun na firamare bai manta ba.

Daga Kaduna titi ya sauya hali, ramuka da karkata hannu, ga tireloli. Da muka doshi Rijana da Katari motar ta yi tsit. Kowa ya san tarihin wannan daji, ya kuma san nan kusa aka tare jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris ɗin 2022. Hajiya ta ciro carbi. Ba a sake jin ra'ayin kowa kan komai ba sai da muka ga rumfunan Jere.

A Tafa muka tsaya cin abinci da salla, kuma bayan mun koma mota ne abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. Ana maganar duhun da Arewa ta kwana a ciki a ƙarshen Oktoba, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, masu ƙanƙara da masu niƙa suka tafka asara. Sai mutumin Maraɗi, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya yi murmushi ya ce, "Ai mu da kuka yanke muna wuta bara, mun ce Allah ya isa. Ga shi ku ma kun ɗanɗana. Ƙasa mai wannan girma, wuta ta gagare ta."

Ashe samarin baya ma ba barci suke ba. Motar ta hargitse. Hajiya, wadda ta kwashe awa biyar tana tsine wa duk wanda ya taɓa hawa kujera a ƙasar nan, ta juya ta ce, "Kai Malam, shekara nawa kuna shan manmu a araha ta Jibiya da Maigatari? Wutar da aka yanke ɗin ma ta wa ce?" Ɗalibin da ya ce tuta ba ta shiga tukunya shi ya fi kowa zaƙewa. Ya shiga lissafi da yatsu: mutum sama da miliyan 200, matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana, kofin Afirka sau uku, 1980 da 1994 da 2013, ya ce a nuna masa na Nijar. Baba Saja ya miƙo hannu ta baya suka tafa, kamar ba su ne suka kusa ɓatawa a Jaji ba.

Bamaraɗen bai ji haushi ba. Ya ce, "Ikon Allah! Tun daga Kano kuke zaginta, ni kalma ɗaya na faɗa." Hajiya ta ce, "Mai ɗa shi ke dukan ɗansa, maƙwabci sai dai ya ba da haƙuri." Ya ce to shi ma ba bare ba ne, mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, sarkin garinsu ma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, kuma rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ta ci 'yan Jibiya da Illela kamar yadda ta ci su. Wannan gaskiya ce, kowa ya sani, sai aka koma zagin waɗanda suka rufe iyakar, shi ma aka ba shi fili.

Na daɗe ina jin masu cewa ɗan Najeriya ba shi da kishin ƙasa, ana kafa hujja da yadda muke aibata ta. A ganina ba su zauna a motar haya ba. Zagin da Hajiya take yi na mai jin an ci masa haƙƙi ne a cikin abin da yake nasa. Wanda ya cire rai ba ya ɓata yawunsa, biza yake nema. Abin da ya fi damuna shi ne kishin namu ba ya farkawa sai an taɓo mu daga waje, kuma masu mulki sun gane haka sarai.

Baba Saja ya sauka a Zuba, ya sa wa ɗalibin albarka, ya ce ya yi karatu. Daga Gwagwalada zuwa Abaji zuwa Koton Ƙarfe babu abin faɗi sai haƙuri. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da titin tagwaye, har yau ana kai, alhali kusan duk abin da zai tashi daga Arewa zuwa Kudu ta wannan ɓangare nan yake bi: shanu, tumatir, albasa, su kuma tankokin mai da manja su hauro. Da magariba muka hau gadar Murtala a Jamata, kogin Kwara shimfiɗe a ƙasa. Direba ya nuna mini inda ruwa ya shanye titin a ambaliyar 2022, tireloli suka yi kwanaki a jere, har man fetur ya yanke a Abuja.

Lokoja akwai zafi, irin mai ɗanɗanon ruwa wanda Bakano bai saba da shi ba. Abokina ya tare ni a Nataco, inda masu soyayyen kifi ke bin motoci da faranti, ana ciniki da Hausa da Nufanci da Yarbanci da Turancin buroka a lokaci guda. Washegari da safe ɗansa ya hau da ni Dutsen Patti. Daga can sama ana hango mahaɗar Kwara da Binuwai, ruwan ɗaya ya fi ɗaya duhu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Akwai ɗan gidan hutawar Gwamna Lugga a kan dutsen. A garin nan ne ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Arewa ta shiga hannun Turawa a hukumance. Mutanen gari suna cewa a kan dutsen ne Flora Shaw, 'yar jaridar da Lugga ya aura daga baya, ta kalli kogin ta raɗa wa ƙasar suna. Abin da ke rubuce dai shi ne ta kawo shawarar a jaridar Times ta Landan a 1897, amma ban ga amfanin ɓata wa yaron labarinsa ba. Shi kuma ya ce duk wahalar nan kuskuren 1914 ne, wato haɗe Arewa da Kudu, bai san cewa Sardauna ya riga shi faɗin haka tun 1953 ba.

Inda na fi daɗewa shi ne unguwar Kabawa, wurin kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Na yi zaton zan ga wuri mai kwarjini. Sai na tarar da gini ƙanƙani a tsakiyar gidajen mutane, awaki na kiwo a gefe, yara na wasan ƙwallo. A nan Sarkin Kano Alu yake kwance. Yana hanyar dawowa daga Sakkwato Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lokoja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Nan aka kawo Kwasau na Zazzau, da Aliyu Ɗan Sidi, sarki kuma mawallafin waƙoƙi, da Abubakar na Bida. Wani dattijo da ke zaune a bakin masallaci ya karɓi gaisuwata da Hausa garau, ya ce kakansa cikin masu rakiyar ɗaya daga cikin sarakunan ya zo, shi kuwa ko Zariya bai taɓa takawa ba. Na tambaye shi in aka raba ƙasar ina zai nufa. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Ɗana, in bar su wa?" Ya nuna kaburburan da haɓa.

Na yi wa Alu addu'a ina tuna cewa shi ma da takobi ya shiga Kano a 1894, a yaƙin basasa tsakanin Yusufawa da Tukurawa, lokacin da mutum biyu ke amsa sunan sarki, har aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Kanawan da ke cewa ba a taɓa ganin irin rikicin sarautar da ya ɓarke a Mayun 2024 ba, da sun leƙo Kabawa.

A wurin walima kuma na tarar Kogi ma tana da tata Arewa da Kudun. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, Igala suka riƙe kujerar zaɓaɓɓen gwamna, daga 2016 ta koma hannun Igbira, Yarbawan Okun na cewa ba a taɓa ba su ba, 'yan asalin Lokoja kuma na cewa su da ke da babban birnin ko ambatonsu ba a yi. Wani malamin makaranta yana ta buga tebur yana cewa sai an ba su jiharsu. Na sa baki na ce ai ƙara jihohi ba ya ƙara tuwo, a haƙura a zauna tare. Abokina ya ajiye cokali, ya ce, "To mai wa'azin haɗin kai, tukuna ma, ku a Kano sarkinku nawa yanzu?" Rumfar ta kwashe da dariya har da masu rabon abinci. Na ce maganar tana kotu, a miƙo mini kifin nan.