Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Na Koyi Ƙirga Sa'o'ina

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka fitar da sakamakon zangon farko na aji biyu a jami'a, ranar da na tarar na faɗi kwas guda, na kuma tsallake biyu da ƙyar. Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da na riƙa yi wa Allah, wai me ya sa zai bar ni in sha kunya alhali babu wani taron zumuntar ɗalibai Kirista da ya taɓa wuce ni. Ina cikin mawaƙa, ina kwamitin addu'a, ina fita bishara, kuma a zuciyata na ɗauka cewa wanda ya riƙe aikin Ubangiji haka, Ubangiji zai riƙe masa karatunsa.

Bayan kwana uku, malamar da ke koyar da mu ka'idojin akanta ta aika a kira ni ofishinta. Dattijuwa ce mai bi, amma ba ta taɓa kawo zancen addini a aji ba. Ta miƙo mini farar takarda ta ce, "Ɗana, kai ɗalibin lissafin kuɗi ne, to yau lokacinka za mu yi wa lissafi. Rubuta 168, sa'o'in mako ke nan." Na rubuta. Muka cire 56 na barci, muka cire 18 na lakca. Da muka zo kan zumunta, na haɗa koyon waƙa da taron addu'a da na kwamiti da sujadar Lahadi da ziyarce-ziyarce, sai ga sa'a 21. Karatun da nake yi ni kaɗai kuwa bai kai sa'a shida ba. Ta ce shawarar da aka saba ba ɗaliban jami'a ita ce kowace sa'a ɗaya ta aji a bi ta da sa'a biyu na nazari, wato kamata ya yi a ce ina da wajen 36.

Na ce, "Mama, ai aikin Allah ne ya cinye lokacin." Ba ta yi fushi ba. Ta buɗe Littafin Daniyel sura ta 1 ta sa na karanta da kaina. Na san labarin tun ina yaro, amma abin da na riƙe kawai shi ne Daniyel ya ƙi ƙazantar da kansa da abincin sarki. Ranar ce na lura cewa shekara uku shi da abokansa suka yi suna koyon harshe da rubuce-rubucen Kaldiyawa a Babila, kuma da sarki Nebukadnezzar ya gwada su, ya same su sun fi masanan ƙasarsa sau goma. Abu ɗaya suka ƙi, sauran kuwa suka koye shi sarai. Daga nan ta ba ni labarin Luka Paciyoli, ɗan zuhudun Katolika wanda a shekarar 1494 ya buga bayanin tsarin shigar da lissafi a ɓangare biyu (wato a rubuta kowace hada-hada sau biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga) a birnin Venis na Italiya, tsarin da na faɗi jarrabawarsa. Ta ce, "Mutumin nan bai ga saɓani tsakanin bautar Allah da daidaita littafin kuɗi ba. Kai wa ya gaya maka akwai?"

Ina so ƙannena da ke jami'a yanzu su fahimce ni da kyau, domin ba cewa nake yi a guje wa zumunta ba. Zumunta ce ta riƙe ni lokacin da kaɗaici ya so ya kai ni cikin abokan banza, kuma har gobe ina ganin ɗalibin da ba shi da 'yan'uwa masu bi a kusa da shi yana cikin haɗari. Abin da na gane shi ne na mai da taro wurin ɓuya, domin waƙa ta fi sauƙi a kan zama da kwas mai wuya. Na je wurin shugaban zumuntarmu na roƙi a sauke mini kwamiti biyu, na riƙe sujadar Lahadi da nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako. Wasu sun ce na yi sanyi, maganar kuma ta yi mini zafi, amma ban ja da baya ba.

Malamar ta kuma nuna mini yadda matsakaicin maki yake aiki, abin da na yi shekara guda da rabi ban damu in sani ba. Kowane kwas yana da nauyinsa, ana ninka makin da mutum ya samu da wannan nauyi, a tara duka, a raba da jimillar nauyin. Saboda haka faɗuwa a kwas mai nauyi 4 ta ninka faɗuwa a mai nauyi 2 ɓarna, kuma tun da ana tarawa ne daga aji ɗaya, ramin da aka haƙa da wuri yakan ɗauki zanguna da yawa kafin ya cike. Na shiga rukunin nazari na mutum huɗu, biyu daga cikinsu ba Kirista ba ne, kuma a wurinsu na koyi warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa da agogo a gabana. Da wani ya kawo mana takardar da ya ce tambayoyin gobe ne, na tashi na bar wurin, ɗaya daga cikin biyun nan kuma ya biyo ni.

Batun aiki shi ne inda ta fi matsa mini, tana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A hutun ƙarshen shekara na rubuta wa ofisoshin akanta bakwai wasiƙar neman horon aiki, guda ɗaya ya amsa. Wata biyu na yi ina jera rasitai ina shigar da su a manhajar lissafi ta Excel, a can kuma na ga bambancin wanda ya haddace ka'ida da wanda zai iya gano inda lissafi ya karkace. Da na dawo, aka nemi in zama ma'ajin zumunta, na karɓa, domin wannan hidima ce da ta dace da abin da nake koyo. Na buɗe littafin shiga da fita, na sa dokar cewa mutum biyu ne za su ƙirga baiko su sa hannu, na riƙa karanta rahoto a gaban 'yan'uwa kowane wata. Waɗannan abubuwa biyu su ne layukan farko da na rubuta a takardar bayanin karatu da aikina, malamar nan kuma ita ce ta rubuta mini wasiƙar shaida daga baya, domin ta san ni fiye da lambar rajistata.

Na maimaita kwas ɗin a aji uku na ci. A wannan zangon ne kuma aka kira ni ganawar neman aiki ta farko, inda aka tambaye ni ko zan yarda in yi aiki ranar Lahadi a lokacin rufe lissafin shekara. Amsar da na bayar da abin da ta jawo mini, su zan kawo a mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu.