Bit 32 ko bit 64: abin da na gani kafin in bar ofishin

Ban taɓa cewa kada a mayar da kwamfutocin ofishinmu daga tsohon tsarin Windows mai bit 32 zuwa sabon mai bit 64 ba, ko da yake haka ake yaɗawa tun da na ajiye aiki. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Ubuntu (wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows) ta bar fitar da faifan bit 32 na kwamfutar tebur tun 2017, Windows 11 kuwa a bit 64 kaɗai ta fito. Kowa ya san inda aka dosa. Ni dai cewa na yi a gwada tukuna.

Babbar ribar bit 64 tana wajen RAM, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. Windows mai bit 32 ba ta wuce giga 4, a aikace ma uku da 'yan kai take gani. To mu yawancin injinanmu giga 2 ne, me za su ƙaru da shi? Sannan ga maganar direba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane na'urar da aka jona mata, kamar firinta. Manhajar bit 32 takan yi aiki lafiya a kan Windows mai bit 64, amma direban bit 32 kanel ɗin, wato zuciyar Windows, ba ya karɓarsa ko kusa. Tsofaffin manhajojin bit 16 kuwa ko buɗewa ba sa yi.

Duk wannan na rubuta a takarda na kai wa oga da hannuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni inji ɗaya in gwada shi da firinta da na'urar ɗaukar yatsa." Idonsa na kan waya ya ce, "Malam, ba shawara na nema ba. Litinin in tarar an gama."

Muka kwana muna fomatin, wato goge injinan da ɗora musu Windows mai bit 64. Litinin da safe ma'aikata suka yi layi a bakin ƙofa, kowa ya ɗora yatsa, na'urar ko motsi, don kamfaninta bai taɓa yin direban bit 64 ba. Can akanta ya leƙo gumi na zuba, manhajar albashi ta ƙi tashi. Albashin watan ya makara, mutane da iyali, ga azumi ya matso. Takardar tuhuma ta fito da sunana ni kaɗai, a taro kuma oga ya ce bai taɓa ganin wata takarda daga wurina ba. Na yi shiru. Har yau abin yana ci mini rai, musamman da yake waɗanda suka ga shigata ofishinsa suna zaune a wurin.

Ga mai shirin irin wannan sauyi: fara lissafa duk abin da ke jone da injin, ka nemi direbansa kafin ka taɓa komai. Ka ɗauki kwafin faifai. Takarda kuma a buga mata hatimin karɓa, ka riƙe naka.

Ga wanda ya gaje ni: injin da ke kusurwar ofishin akanta ni na mayar da shi Windows 10 mai bit 32, na zare masa wayar intanet. Da shi ake biyan albashi har na tafi. Kada ka bari a taɓa shi sai an sayi sabuwar manhaja.