Faifan da nake fara ba baƙon kiɗan minimalizim

Wata rana wani abokin aikina ya tarar da ni ina sauraron kiɗa, ya tambaye ni ko wane iri ne, na ce masa salo ne da ake kira minimalizim, wanda ya ɓullo a Amurka a shekarun 1960, inda mai tsara kiɗa yakan ɗauki ɗan gajeren sauti ya yi ta maimaita shi yana sauya shi kaɗan-kaɗan. Da ya ce in ba shi abin da zai fara da shi, zumuɗi ya ɗebe ni na tura masa Einstein on the Beach na Philip Glass, aikin 1976 wanda yakan ci kusan awa biyar a dandali ba hutu. Washegari ya ce mini, "Malam, ina jin abin nan ya maƙale, mutane sai ƙirga lamba suke yi a wuri guda." Faifan lafiyarsa ƙalau, ni ne na ɗora wa kunnensa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Tun daga ranar na daina fara wa kowa da dogon aiki. Clapping Music na Steve Reich, na 1972, shi nake sa wa a gaba, domin bai wuce 'yan mintoci ba, kuma babu kayan kiɗa a cikinsa sai tafin mutum biyu. Su biyun suna farawa da salon tafi iri ɗaya, ɗaya ya tsaya a kansa, ɗayan kuma ya riƙa gusawa da bugu guda bayan an maimaita sau da dama, har su zagayo su sake haɗuwa. Mun gwada shi da abokin nawa a kan benci, muka rikice tun a gusawa ta biyu, muka yi dariya, amma a nan ne ya gane cewa abin da ya ɗauka tsayuwa ce ashe tafiya ce a hankali.

Bayan wannan nakan ba da Music for 18 Musicians, shi ma na Reich, a faifan da kamfanin ECM ya fitar a 1978, mai tsawon kusan awa guda. Na lura cewa miƙa faifan kawai ba ya isa, sai an nuna wa mutum abu ɗaya da zai bi da kunne. Nakan ce ya kasa kunne ga muryoyin mata da masu busa, yadda sautinsu ke kumbura ya sace gwargwadon tsawon numfashi guda, sannan ya jira ɗan kiɗan ƙarfen da ke sanar da sauran makaɗa cewa lokacin sauyi ya yi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda babban makaɗi ke jan ragamar 'yan uwansa, kuma Reich da kansa ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan gangunan ƙabilar Ewe.

Wanda na ga yana son natsuwa nakan ba shi Spiegel im Spiegel na Arvo Pärt, ɗan ƙasar Istoniya, na 1978, fiyano da gogen Turawa kawai. A cikin ayyukan Philip Glass kuwa, Glassworks na 1982 shi ya kamata in fara ba abokina tun farko.

In C na Terry Riley nake ajiyewa ƙarshe, ko da yake ya girmi sauran, tun 1964. Gutsattsarin sauti 53 ne, kowane makaɗi yana maimaita kowanne iya son ransa kafin ya wuce gaba, saboda haka babu faifai biyu da suke zama ɗaya. Nakan haɗa wa mutum faifan kamfanin Columbia na 1968 da wanda ƙungiyar makaɗa ta Africa Express suka ɗauka a Bamako da makaɗan Mali, in ce ya saurare su a jere. Abokin nawa ya zaɓi na Bamako, yana sa shi a mota idan zai dawo gida, amma har yau bai koma kan Einstein ba, ni ma ban sake yi masa maganarsa ba.