Wasiƙa daga Birmingham: Binciken ƙarin jini a inda jinin ke wuyar samu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku, ina kuma yi wa masu jinya sannu.

A ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki a nan Ingila. Likita zai rubuta, a ɗauko ledar jini daga firji, an riga an tantance ta, ba a ce wa kowa ya je ya nemo ɗan uwa. Yawancin ƙa'idojin ƙarin jini a irin wannan wuri aka rubuta su. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kashi 40 cikin 100 na jinin da ake bayarwa ana tara shi ne a ƙasashe masu arziki, masu kashi 16 kacal na al'ummar duniya. A nan tsofaffi aka fi ƙara wa jini. A ƙasashe matalauta kuwa, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kan samu har fiye da rabin jinin da ake ƙarawa. To ta yaya amsarsu za ta zama tamu?

Yin binciken a gida akwai wuya. Mai bincike yana so ya raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ya kwatanta. Ina zancen ƙuri'a alhali jinin ma sai an kira kawun yaro daga kasuwa, ko an yi ciniki da masu sayarwa a bakin ƙofa? Ga ɗauke wuta, ga fayil da kan yi ɓatan dabo. Sai batun yarda: uwa ce riƙe da ɗanta ya galabaita, a miƙo mata takarda ta sa hannu. Kanawa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 lokacin annobar sanƙarau, wanda aka yi zargin ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, kuma ban ga laifin mai ɗari-ɗari ba.

Duk da haka an yi, kuma wanda ya fi amfani shi ne wanda ya ɗauki ƙarancin jinin da za a ƙara wa marasa lafiya a matsayin tambayarsa. A Yuganda da Malawi, binciken TRACT da aka wallafa a 2019 ya bi yara kusan 4,000. Yaran da jininsu ya yi ƙasa sosai amma babu alamun haɗari, an ga cewa idan aka sa musu ido ana auna su a kai a kai, kusan rabinsu sun tashi ba tare da ƙarin jini ba, mace-mace kuma ba su ƙaru ba. Kowace leda da aka ajiye ta wani yaron ce. Sun kuma gano abin da ba a zata ba: ƙara yawan jinin yana taimakon yaron da ba shi da zazzaɓi, amma yana iya cutar da mai zazzaɓi. Ke nan ma'aunin zafin jiki, ɗan abin nan mai araha, ya shiga cikin hukunci.

Binciken da aka yi a Kano ya fi burge ni. Tun 1998 Amurka ta tabbatar da cewa ƙarin jini kusan kowane wata yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 90 ga yara masu sikila waɗanda awo ya nuna suna cikin wannan haɗari. Wane magidanci ne a Fagge zai iya samo jini duk wata, shekara da shekaru? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada maganin hydroxyurea a madadinsa, ya kuma ba da kariya ko da an sha kaɗan. Haka Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE na 2023 kan zubar jini bayan haihuwa: wata leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, ungozoma ta ga yawan jinin da ya zuba maimakon kintace, a haɗa magunguna a ba ta nan take. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60.

Roƙona ga ma'aikatan bankin jini: ku rubuta kowace leda, daga wa ta fito, wa aka sa wa, me ya biyo baya, har da wanda aka nema wa aka rasa. Da wannan rajistar mai bincike ke farawa. Iyaye kuma, idan an gayyace ku bincike, ku nemi a yi muku bayani da Hausa, ku tambayi wane kwamiti ya ba da izini, ku sani kuna da ikon janyewa ba tare da an daina kula da ɗanku ba.

Wassalam,
ɗan uwanku a Birmingham.